Buhun da Malam Isa Ya Mayar

Ya 'yan uwa, kun gani. Kada wani cikinku ya ce bai gani ba. Abin ya shigo wayoyinku kamar yadda ya shigo na kowa. Wasu sun yi dariya, wasu sun tura gaba, mafi yawa kuma suka ɗan girgiza kai suka wuce zuwa labarin ƙwallo. Waɗannan na ƙarshe su suka fi ban haushi, domin sun san ba daidai ba ne, amma suka kau da kai. To tunda kun ƙi tsayawa a farkon abin, yau ku zauna ku ji ƙarshensa.

An yi wani mutum a garin Gwandu, matashi, mai ilimin boko daidai gwargwado, mai kaifin baki. Ba za a faɗi sunansa ba, saboda mahaifiyarsa tana raye. Shi ne shugaban matasan wani attajiri da ke neman babbar kujera, wadda yankinta ya haɗa da Gwandu da Kalgo. Aikinsa duka a waya yake. Yana da zaure a Wasaf cike da samari, kowanensu da shafuka barkatai a Fesbuk da sunayen ƙarya. Da safe zai naɗi muryarsa ya tura musu, ya ce yau wane za a yaba, wane za a ci wa mutunci. Kafin azahar an gama da mutum.

Maigidan nasa ya yi masa alkawarin tikitin takarar ɗan majalisar jiha. Wannan tikiti shi ne abincinsa, shi ne barcinsa. Har ya sa an ɗauke shi hoton da za a buga a fasta, da babbar riga da ɗan murmushi, ya ajiye yana jiran lokaci.

Wata rana ya sa hoton wata rijiyar burtsatse mai tanki da faifan sola, ya rubuta cewa maigidansa ne ya gina ta a Wurogauri. Hoton daga wata jiha aka ɗauko shi. Ya sha yin haka, ba a taɓa kama shi ba, domin a tunaninsa mutanen ƙauye ba sa karanta abin da ake rubutawa a kansu.

Sai dai akwai wani ɗan Wurogauri mai suna Muzzammil, malamin makaranta a Kalgo, wanda tare suka yi karatu. Muzzammil ya hau babur ya je ƙauyensu, ya tsaya a filin da aka ce an yi rijiyar, ya ɗauki bidiyo. Babu komai a wurin sai awaki da tsohon turmi. Ya ɗaga bokiti babu ruwa, ya ce cikin raha, jama'a ku hanzarto, ga burtsatsen Alhaji nan tana ambaliya, kada ta cinye mu.

Bidiyon ya zagaya. Daga ranar aka laƙaba wa mutumin namu suna Mai Burtsatse. Zai wuce teburin mai shayi, wani ya ce a zuba wa Mai Burtsatse ruwan zafi, ai shi ruwa bai yi masa wuya. Maigidansa ya kira shi ya yi masa faɗa a gaban mutane.

Da yana da rabo, da a nan ya tsaya. Ƙarya ya yi, aka kama shi. Mene ne wuyar ya ce na yi kuskure? Amma zuciyarsa ta ɗauki abin ta ajiye. Ya saki samarinsa a kan Muzzammil, suka ce ɗan haya ne, suka ce ba ya zuwa aji. Muzzammil bai ko tanka ba, kuma wannan shirun ya fi komai ƙona masa rai. Ya riƙa kwana yana tashi da tambaya guda: ta ina zan taɓa shi ya ji?

Da damina ta yi nisa, ruwa ya cika fadama ya shanye shinkafar mutane a ƙauyukan Kalgo. Wurogauri na cikin inda abin ya fi muni. Maigida ya sayi buhunan shinkafa ya ce a raba, ya ɗora shugaban matasansa a kan rabon.

Ku da kuka tashi a ƙauye kun san yadda ake yi. Idan taimako ya zo, akwai dattawan da ba sa fitowa layi. Mai unguwa ya san gidajensu. Ana ware rabonsu a kai musu har zaure, a jingine a bayan ƙofa, wanda ya kai ya yi sallama ya juya, ba ya ko jiran godiya. Da haka mutum yake cin abin taimako, gobe kuma ya fito ya raba gardama tsakanin manomi da makiyayi ba tare da wani ya kalle shi da ido ɗaya ba. Iyayenmu sun gina wannan tsari ne don su rufa wa juna asiri.

Malam Isa, mahaifin Muzzammil, yana cikin waɗannan dattawa. Mutum ne na sahun gaba a masallaci, wanda ake kai wa rigimar iyakar gona. Bai taɓa miƙa wa wani hannu ba. Amma a shekarar ruwa bai bar masa ko dami ɗaya ba, ga marayun 'yarsa a gidan.

Da Mai Burtsatse ya ji haka, sai ya ji sanyi a ransa. Ya naɗi murya ya tura wa samarinsa, yana dariya, ya ce Allah ya kawo masa tsohon har gida, kowa ya cika wayarsa da caji. Sannan ya kira mai unguwa ya ce wannan karon babu buhun da zai bar wurin rabo sai mai shi ya zo da ƙafarsa, wai don a hana cuwa-cuwa. Mai unguwa ya roƙe shi, ya ce ba haka aka saba ba, akwai mutanen da gara su kwana da yunwa. Ya ce to su kwana.

Malam Isa ya yi ta juya abin a ransa. Ya dubi yaran nan suna lasar tukunya. Bai gaya wa ɗansa ba, don ya san zai hana shi. Ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ɗora hula, ya fita ya shiga layi a bayan mutanen da shi ya raɗa wa wasunsu suna. Waɗanda suka gan shi suka sunkuyar da kai, suna matsawa ya wuce gaba, ya ƙi.

Da layi ya zo kansa, Mai Burtsatse ya tare shi da fara'a, wayoyi sun kewaye su.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Gaya wa duniya wa ya ba ka wannan."

"Allah ya ba ni, ta hannunku. Allah shi saka da alheri."

"Kai ne mahaifin Malam Muzzammil, ko ba haka ba?"

"Ni ne, ɗan nan. Ka san shi?"

"Na san shi sosai, Baba. Ɗauki kayanka."

Wani ya matso zai ɗaukar masa, aka riƙe masa hannu. Tsoho ya sunkuya ya rungumi buhu, ƙafarsa ta zame a taɓo, ya dafa ƙasa da gwiwa, hularsa ta faɗi. Ya tsaya kai babu hula a gaban garinsu, yana lalube.

Wannan wurin suka yanka a bidiyon. Suka sa shi yana maimaituwa, faɗuwar hular tana dawowa tana dawowa, suka ɗora kiɗan barkwanci a kai. Mai Burtsatse da kansa ya rubuta abin da aka sa a ƙasa: ɗa yana zaginmu a waya, uba yana roƙonmu a layi.

Ya 'yan uwa, a nan kuka shigo. Wa ya tura bidiyon zauren 'yan ajinsu? Wa ya sa fuskar dariya a ƙasa? Wa ya ce kai siyasa ba kyau, sannan ya bar shi a wayarsa? Mai Burtsatse shi kaɗai ba zai iya kai bidiyon nan ko'ina ba. Ku kuka zama ƙafafunsa.

A ranar Mai Burtsatse ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Yana zaune yana kallon adadin masu kallo yana hawa, yana buɗe shafin Muzzammil ya ga ko ya yi magana. Ya ce wa samarinsa yanzu an yi kunnen doki.

Ya ɗauka abin zai tsaya a birni, inda ake da data. Ya manta da masu cajin waya na kasuwa, waɗanda ke tura wa mutane waƙoƙi da fina-finai a memori. Su duk abin da ake yayi sai su haɗa shi cikin kayan ranar. Ranar kasuwar Kalgo bidiyon ya shiga memori bayan memori, ya koma ƙauyukan da ko sabis babu. A haka ya isa Wurogauri. A haka Malam Isa, yana dawowa daga masallaci, ya ji kiɗa da muryarsa suna fitowa daga wayar wasu samari a gindin bishiya. Suka ɓoye, ya ce su nuna masa. Ya kalla har ƙarshe.

Ya mayar musu da wayar. Ya shiga gida. An riga an buɗe buhun, an ci kaɗan. Ya aika aka ranto shinkafa a maƙwabta aka cike gurbin, ya ɗinke bakin da hannunsa, ya sa aka ɗora a babur aka kai ƙofar ofishin kamfen a Kalgo aka ajiye. Da gari ya ji, sai buhuna suka fara fitowa daga gidaje. Mutanen da ba su da abin da za su ɗora a murhu suka mayar da nasu.

Daga ranar Malam Isa bai ƙara zama a sahun gaba ba. Yana zuwa a makare, ya tsaya a baya, ya fita kafin a shafa addu'a. Daga baya ya daina fitowa. Aka kawo masa rigimar gona ya ce a kai wa wani. Ciwon hawan jini ya kwantar da shi, kafin a girbe gero ya rasu. Ajali na Allah ne, babu mai musu. Amma kowa a garin ya san da wane baƙin ciki ya tafi.

A Gwandu kuwa, mahaifiyar Mai Burtsatse, Inna Maimuna, ta ga bidiyon a wayar wata maƙwabciya. Tun daga ranar duk cefanen da ya aiko sai ta mayar. Ya je ya durƙusa ya ce Inna, siyasa ce, haka kowa ke yi. Ta ce masa ita ba ta haifi kowa ba, shi ta haifa, kuma ba za ta ci daga hannun da ya tuɓe wa sa'an ubansa hula ba.

Labarin buhunan da aka mayar ya kai kunnen maigida. Ya ce wa Mai Burtsatse ya je ya gyara abin da ya ɓata, in ba haka ba ya manta da tikiti. Sai ya shirya zuwa ta'aziyya. Ku dubi yadda zuciya ke makancewa. Ko a nan bai je don Allah ba. Ya tsara cewa zai rungumi Muzzammil, wani na bayansa ya ɗauka a ɓoye, a sa a shafi a ce an sasanta.

Ya isa zaman makoki da motoci. Mutane na zaune a tabarmi a ƙofar gidan. Ya yi sallama, aka amsa ciki-ciki. Ya durƙusa gaban Muzzammil ya yi addu'a mai tsawo da ƙarfi, ya buɗe hannuwa. Muzzammil bai motsa ba. Ya dubi saurayin da ke tsaye wayarsa na leƙowa daga aljihun gaba, ya ce masa ya fito da ita sarari ya ɗauka da kyau, don saƙo ne zai isar.

"Baba ya bar maka magana," in ji Muzzammil, muryarsa a kwance. "Yac ce in ka zo, a ba ka ruwa ka sha, don baƙo kake. Yac ce ya yafe ma kowa duniya da lahira, har yaran da sunka yi dariya. Kai ɗaya ne bai yafe ma ba. Yac ce ku haɗu can."

Aka kawo ruwa a kwanon sha aka ajiye gabansa. Babu wanda ya zage shi, babu wanda ya ɗaga murya. Ya kasa sha, ya kasa tashi, har wani dattijo ya ce masa rana na yi, hanya da nisa.

Bayan wannan, duk inda aka ji shi ne zai kawo rabo, sai a tarar da fili wayam. Aka je ƙauyen Dodoru da atamfofi, mata suka ƙi fitowa. Aka je Ceberu da takin zamani, aka shimfiɗa tabarmi, aka kunna lasifika, babu wanda ya zo sai kaji. Mutumin da sana'arsa hoton taro ce, ya rasa taron da zai ɗauka.

Maigida ɗan kasuwa ne, ya san kayan da suka lalace. Bai ko kira shi ba. Wata safiya Mai Burtsatse ya buɗe wayarsa ya ga an cire shi daga zauren da shi ya buɗe. Ya shiga Fesbuk ya ga sanarwa cewa Alhaji bai san da wannan aika-aika ba, kuma ya kori wanda ya yi ta. Wa ke yaɗa sanarwar? Samarinsa. Da salon da ya koya musu, da shafukan ƙaryar da ya buɗe musu. Don su wanke kansu suka saki muryar nan tasa, inda yake dariya yana cewa Allah ya kawo masa tsohon har gida. Kafin azahar an gama da shi. Tikitin aka ba ɗaya daga cikinsu.

Ya kira waɗanda ya yi wa hidima, ba su ɗauka ba. Ya nemi komawa ɗaya jam'iyyar, suka ce ba sa son warin da ke binsa. Barci ya ƙaurace masa. In ya rufe ido, ba kujerar da ta kuɓuce yake gani ba, tsoho yake gani yana lalube a taɓo.

Da abin ya ishe shi ya je wurin wani malami a Gwandu, ya faɗi komai, ya tambaya ko yana da tuba. Malamin ya ce ƙofar tuba ba ta rufe ba, amma haƙƙin mutum sai mai shi, mai shi kuwa ya tafi da maganarsa. Ya ce abin da ya fi tsorata masa shi ne laifin bai tsaya ba. Duk sanda wani ya kunna bidiyon nan ya yi dariya, ana ƙara rubuta masa.

"To Malam, ai na goge daga shafina."

"Naka ka goge. Na mutane fa?"

Ya fita da wannan tambaya, kuma ita ta ƙarasa shi. Ya fara bin waɗanda ya sani yana roƙo su goge. Wasu suka goge, wasu suka ce sun goge alhali ƙarya ne. Ya je kasuwar Kalgo wurin wani mai caji da ake kira Anas, ya roƙe shi ya tuna waɗanda ya tura wa.

"Haba Yallaɓai, mutum nawa ka zuwa nan ran kasuwa? Wasu sun tai ci-rani kudu da shi, wasu sun ƙetara Nijar. In goge nawa, ga shi na goge. Sauran sai dai ka bi su."

Ya bi su. Har yau yana bin su. Za ku gan shi a tasha ko a bakin kasuwa, rigarsa ta yi dauɗa, yana tare mutanen da bai sani ba yana cewa don Allah a ba shi waya ya duba abu ɗaya. Wasu su ture shi, wasu su ce ya taɓu. Rannan ya goge a wayar wani direba, ya yi hamdala, bai kai ƙofar tasha ba ya ji kiɗan nan yana tashi daga wata motar. Ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka.

Ina tausaya masa? Ku tambayi marayun da suka rasa kakansu. Allah ba ya zalunci, kuma ba ya mantuwa. Wanda ya tona asirin bawan Allah don ya huce haushi, to ya jira, ramuwar tana tafe, kuma ba da hannun wanda ya zalunta za ta zo ba.

Ya 'yan uwa, darasin a fili yake. An ba matasanmu waya da ilimi da baki, abin da iyayenmu ba su samu ba. Da shi za a iya tambayar ina rijiyar da aka yi alkawari, kamar yadda Muzzammil ya tambaya. Amma mun bari an mayar da 'ya'yanmu karnukan farauta, ana ba su data suna yagar naman mutane, muna kiransu shugabannin gobe. Wanda ya fara shugabanci da tuɓe wa dattijo hula, me kuke tsammani zai yi in ya hau kujera? Kuma kada ku ce Mai Burtsatse ya tafi an huta. Wanda aka ba tikitinsa a zaurensa ya yi karatu. Gobe akwai rabo a wani ƙauyen, akwai wani tsohon da yunwa za ta fito da shi.

Kada kuma mai kallo ya ɗauka shi ya tsira. Malam Isa ya yafe wa yaran da suka yi dariya a gabansa. Bai san da ku ba, ku da kuka ajiye faɗuwarsa a aljihu har bayan an binne shi.

Allah ya kiyaye mu da zuciyar da ba ta hucewa sai ta ga wani a ƙasa. Allah ya rufa mana asiri, ya hana hannuwanmu tona na wani. Allah ya jiƙan Malam Isa, ya mayar masa da mutuncinsa ninki a inda ya tafi.

Amin ɗinku ba ta isa ba. Fito da wayarka yanzu, kafin ka tashi daga inda kake. Nemo bidiyon nan da duk irinsa ka goge. Shiga zauren da aka turo maka shi, ka rubuta da sunanka na gaskiya cewa wannan haramun ne kuma ba da kai ba. In aka kawo rabo garinku aka ɗaga waya a kan fuskar mabuƙaci, ka tashi ka tsaya tsakaninsa da ita, ka ce a sauke.